GADON SHAN GIYA DA YADDA ƘWAƘWALWA KE AMSA KIRANTA

Bayani domin Hakimai da Magatakardansu

1. Dalilin wannan takarda

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da magatakardansu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun daga Damba da ke bakin birnin Gusau har zuwa ƙauyukan da ke nesa da kwalta. Abin da ya sa aka shirya ta wata magana ce da ke yawan zuwa gaban hakimi ta fuska biyu. Wani lokaci uba ne zai zo ya ce an zo neman auren 'yarsa, yaron ba a san shi da wani aibu ba, amma giya ce ta kashe mahaifinsa, shin a ba shi ko a hana shi? Wani lokaci kuwa dagaci ne zai kawo saurayin da aka kama a buge karo na uku, sai mutanen zaure su ce ai ba mamaki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani dattijo kuma ya ce a'a, ga wansa can uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa kai kwalba baki ba, ga kuma ɗan malam wane da ya lalace, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Kowane ɓangare da abin da ya gani da idonsa, don haka gardamar ba ta ƙarewa. Amma likitoci da masanan ƙwaƙwalwa sun yi fiye da shekara 60 suna bin diddigin al'amarin, sun kuwa samo amsar da za ta amfani mai riƙon jama'a. A taƙaice ga ta. Abin da waɗansu 'ya'yan mashaya ke gada shi ne ƙwaƙwalwa mai saurin amsa kiran giya, watau wadda warin giya, ko ganin kwalba, ko wucewa ta wurin da ake sha, ke tayar mata da kwaɗayi fiye da ta sauran mutane. Kiran nan kuwa daga cikin gari yake fitowa, gari kuma yana hannun hakimi.

2. Yadda abin yake a Zamfara

Wani zai ce, me ya kawo zancen giya a ƙasar da aka hana ta? Gaskiya ne hanin ya daɗe. Tun zamanin Turawa, bisa ga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal a 1890, an sa Arewa cikin ƙasashen da ba a yarda a sayar wa 'yan ƙasa barasar waje ba, ko da yake ba a daina dafa burkutu a waɗansu ƙauyuka da unguwannin baƙi ba. Bayan an cire Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, dokar kuma ta fara aiki ran 27 ga Janairu, 2000. Aka rufe gidajen giya, aka sa bulala 80 ga Musulmin da ya sha.

Dokar ta kawar da abin daga idon jama'a, amma ba ta canza halittar kowa ba. Mai sha a ɓoye yana nan. Ga kuma samarin da ke fita ci-rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, inda ake sayar da giya a bakin titi kamar ruwan leda. Har wa yau waɗansu kayan maye sun shigo sun tsaya a gurbinta, kamar wiwi da sholisho da ƙwayar tiramol da maganin tari mai kodin. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Arewa maso Yamma lissafin ya kama mutum 12 cikin ɗari. A watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk kayan mayen nan hanya guda suke bi a cikin ƙwaƙwalwa, saboda haka abin da za a faɗa a kan giya ya shafe su su ma.

3. Yadda aka tabbatar akwai gado

Tun da can kowa ya lura shan giya yana bin gida. Wuyar ita ce a rarrabe jini da koyi, gama yaron da ya tashi yana ganin ubansa na sha yana iya kwaikwayonsa ko da bai gaji kome ba. Masana suka bi hanya biyu don su warware wannan.

Hanya ta fari ita ce ta 'ya'yan riƙo. A ƙasar Denmak akwai rajista mai kyau ta yaran da aka raba da iyayensu tun suna jarirai aka ba waɗansu riƙo. Likita Donald Goodwin da abokan aikinsa suka nemo maza 55 waɗanda ɗaya daga cikin iyayen da suka haife su mashayi ne, amma an ɗauke su tun suna 'yan makonni, ba su san iyayen ba. Suka gwada su da waɗansu 'yan riƙo 78 waɗanda ba a san iyayensu da giya ba. Sakamakon da aka buga a 1973 ya nuna 18 cikin ɗari na 'ya'yan mashaya sun zama mashaya, alhali na ɗaya ɓangaren 5 ne cikin ɗari. Watau kusan ninki huɗu ke nan, ba tare da sun taɓa ganin uban da kwalba ba. A 1981 aka buga wani bincike irinsa daga Sitokhom, babban birnin Suwidin, a kan maza 'yan riƙo 862, shi ma ya tabbatar da gadon.

Hanya ta biyu ita ce ta tagwaye. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai guda, masu kama ɗaya sak, waɗanda ƙwayoyin gadonsu duka ɗaya ne. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba. In Hassan mashayi ne, sai a duba ko Husaini ma haka yake. An tarar abin ya fi haɗa tagwayen ƙwai guda, ko da yake su ma sau da yawa ɗaya na sha ɗaya ba ya sha. A 2015 Likita Kenneth Kendler da abokansa suka tattara irin waɗannan bincike na ƙasashe da dama, suka auna, suka ce kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon shan giya daga gado yake. Ɗaya rabin daga tarbiyya da abokai da wurin zama da abin da ya sami mutum a rayuwa. Shi Kendler ɗin nan kuma ya nuna, ta binciken tagwaye a Amurka, cewa babban rabo na raunin da ake gada bai zaɓi abin maye guda ba.

4. Me ake gada?

Babu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna a ce ita ce ta shan giya. Ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. Amma an gane abubuwa uku a fili.

Na fari yana cikin hanta. Hanta ce ke narkar da barasa, tana mai da ita wata guba tukuna, sa'an nan ta kashe gubar. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya sun gaji hantar da ke jinkirin kashe gubar nan. In suka kurɓi giya kaɗan, sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, tashin zuciya ya taso. Da wuya irin waɗannan su zama mashaya, domin jikinsu ya horar da su tun kurɓin fari. Ashe ke nan akwai gadon da ke karewa kamar yadda akwai wanda ke jefawa.

Na biyu shi ne abin da mashaya ke fahariya da shi, wai ƙarfin kai. Tun daga 1978 Likita Marc Schuckit na San Diyego a Amurka ya riƙa ba samari 'yan kimanin shekara 20 giya daidai gwargwado, yana auna tangaɗinsu da yadda suka ji a jikinsu. Ya tarar da yawa daga 'ya'yan mashaya ba su cika jin ta ba. Bayan kamar shekara 10 ya sake nemo su. Cikin 'ya'yan mashaya waɗanda giya ba ta saurin bugarwa, 56 cikin ɗari sun kamu. Cikin waɗanda take saurin bugarwa kuwa 14 ne cikin ɗari. Dalili a bayyane yake: wanda kwalba ɗaya ta kayar zai tsaya a ɗaya, wanda bai ji kome ba sai ya nemi ta biyar. Saurayin da abokai ke yabo don ba ya buguwa shi ne ya fi kowa kusa da rami.

Na uku yana wajen kame kai. A 1984 Henri Begleiter na birnin Niyok ya ɗaura wayoyin auna lantarkin ƙwaƙwalwa a kan yara maza 25, 'yan shekara 7 zuwa 13, 'ya'yan mashaya, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Ya ga wani motsi da ƙwaƙwalwa ke yi sa'ad da take tantance abu mai muhimmanci ya fi rauni a wurinsu bisa ga sa'o'insu. Daga baya aka danganta raunin nan da gaggawa da wuyar danne zuciya. In an kwatanta mutum da mota, birkin waɗansu yara tun asali bai kai na waɗansu kamawa ba.

5. Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon alama

Kafin a fahimci abu na huɗu, wanda shi ne kan maganar wannan takarda, tilas a san yadda kwaɗayi ke tashi. Mai azumi ya san shi sarai. Yana zaune lafiya da la'asar, sai ƙanshin ƙosai ya bugo daga maƙwabta, nan da nan yawu ya tsinke, ciki ya motsa, alhali ko loma bai kai baki ba. Ƙanshin alama ce kawai, amma jiki ya amsa ta kamar abincin ne ya iso.

Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, shi ya fara auna wannan a farkon ƙarni na 20. Ya riƙa yi wa kare wani sauti kafin ya ba shi abinci, har ya zama sautin kaɗai na sa kare dalalar da yawu. A 1954 James Olds da Peter Milner a Kanada suka gano wani wuri can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, wanda in an taɓa shi da ɗan lantarki sai ɓeran ya yi ta danna maɓalli sau ɗaruruwa a awa guda don a sake taɓawa. Ɗan Adam ma yana da wurin nan. Shi ke sa a nemi abinci da ruwa da iyali, manzonsa kuwa wani sinadari ne da ake kira dofamin.

Cikin shekarun 1990 Wolfram Schultz a ƙasar Suwizalan ya ga wani abin mamaki a ƙwaƙwalwar biri. Da fari dofamin na motsawa ne sa'ad da ruwan zaƙi ya taɓa harshen birin. Amma da aka saba kunna masa fitila kafin ruwan, sai motsin ya tashi daga ruwan ya koma kan fitilar. A 1993 kuma Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Mishigan suka bayyana cewa so dabam, jin daɗi dabam a cikin ƙwaƙwalwa, dofamin kuwa na so ne. Kayan maye suna daɗa kaifafa son, jin daɗin kuwa yana raguwa. Shi ya sa za a ga tsohon mashayi yana kuka yana rantsuwa ba ya jin daɗinta, gobe kuma a same shi a can. Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba.

Alamun giya su ne warinta, da ɗanɗanonta, da kwalbarta, da lungun da ake sayar da ita, da abokan sha, da lokacin da aka saba, har da kuɗin da ke shigowa ran kasuwa ko ƙarshen wata. Ɓacin rai da zaman banza su ma sukan zama alama daga ciki.

6. Abin da na'ura ta nuna a kan 'ya'yan mashaya

Yanzu akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, mutum yana kwance idonsa biyu, ba a tsaga shi ba. Wata tana nuna inda jini ya fi kwarara, wata tana nuna inda dofamin ya fita. Da su aka gwada yadda mutane ke amsa alamun giya.

A 2003 Susan Tapert ta San Diyego ta nuna wa matasa 'yan shekara 14 zuwa 17 hotunan tallar giya da na lemo. Ƙwaƙwalwar waɗanda suka riga suka kamu da sha ta motsa ƙwarai ga hoton giya, motsin kuma ya fi ƙarfi ga masu mashaya a cikin dangi. A 2010 David Kareken na Jami'ar Indiyana ya shaƙa wa masu sha warin giyar da suka fi so. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna darajar abu, ya fi amsawa ga waɗanda suka fito daga gidan mashaya.

Gwajin da ya fi fitowa fili shi ne na 2013, wanda Brandon Oberlin ya yi tare da Kareken. Suka kawo maza 49, suka riƙa fesa musu giya a harshe kaɗan-kaɗan, duka-duka cikin babban cokali guda a minti 15, abin da ba zai bugar da kowa ba. Wani lokaci kuma suka fesa musu wani abin sha marar maye. Ɗanɗanon giya kaɗai ya sa dofamin ya fita a wurin nan na so, abin da ɗaya abin shan bai yi kamarsa ba. Waɗanda kuma abin ya fi yi wa ƙarfi su ne masu uba ko uwa ko ɗan'uwa mashayi. A 2018 masana na Jami'ar Kolombiya a Niyok suka ƙara wani mataki. Suka ba mutane abin sha mai warin barasa amma kusan babu barasa a ciki, masu shan suna tsammanin ko ita ce. Ƙwaƙwalwar waɗanda ke da mashaya a gida, alhali su kansu lafiya lau suke, ta saki dofamin da yawa saboda tsammanin kaɗai.

Ma'anar wannan duka ita ce, mutum biyu za su bi ta lungu guda, wari guda ya buge su, ɗaya ya toshe hanci ya wuce, ɗaya kuwa ƙafarsa ta yi nauyi. Kiran da na farko ya ji kamar raɗa, na biyu ya ji shi kamar ganga. Amma a lura da kyau, gwaje-gwajen nan a kan mutane kaɗan aka yi su, a Amurka, kuma halin taro suke nunawa. Babu na'urar da za ta dubi kan yaro guda ta ce wannan zai sha, wancan ba zai sha ba.

7. Gado ba hukunci ba ne

A koma kan lissafin Denmak. In 18 cikin ɗari sun kamu, to, 82 ba su kamu ba. Yawancin 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya. A 2006 ma Likita Nora Volkow ta auna waɗansu mutane da suka fito daga gidajen da giya ta yi wa ɓarna amma su suka tsira, ta tarar ƙwaƙwalwarsu tana da yawan wani makarɓin dofamin da ake zaton yana karewa. Gida guda yana fid da mai rauni, yana kuma fid da mai garkuwa.

Iri kuma ba ya tsira sai da ruwa. Binciken tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna ƙarfin gado wajen shan samari ya fi bayyana a birane, ya kuma ragu a ƙauyuka inda kowa ya san ɗan kowa. A Holan, a 1999, an tarar tarbiyyar addini tana danne tasirin gado wajen fara sha, musamman ga 'yan mata. A Amurka, binciken 1997 ya nuna fiye da 40 cikin ɗari na waɗanda suka fara sha suna da shekara 14 ko ƙasa sun kamu daga baya, alhali waɗanda ba su fara ba sai da suka kai 20 kimanin 10 ne cikin ɗari. Akwai kuma labarin sojan Amurka a yaƙin Biyetnam. Kimanin ɗaya cikin biyar na ƙananan sojan da aka bincika sun kamu da hodar hirowin a can. Masaniya Lee Robins ta bi su bayan sun koma gida a 1971, ta tarar kimanin 5 cikin ɗari kaɗai na waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa a shekarar fari. Sun baro wurin, sun baro abokan, sun baro sauƙin samun ta.

Wannan ya dace da abin da malamai suka daɗe suna karantarwa, cewa umurnin da ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 90, na nisantar giya ne gaba ɗaya, har an hana zama a wurin da ake shan ta. Wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta koyi alamar ba, ko da ya gaji raunin.

A nan ne abin ya shafi ƙasar Zamfara ta yau. Rashin tsaro ya kori jama'ar ƙauyuka da yawa zuwa Gusau da Tsafe da Bunguɗu da unguwannin bakin gari irin su Damba. Yaron da a ƙauye ido goma ke kansa, yanzu yana yini a tasha ko wurin haƙar zinariya, ba wanda ya san ubansa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

8. Abin da ake roƙon hakimai da magatakarda

(a) A nemi wurin kafin a nemi asalin yaro. In an kawo wanda aka kama a buge, magatakarda ya rubuta inda ya samu, da ranar, da lokacin, da irin abin da ya sha. Bayan wata uku littafin zai nuna lungu kaza, ko kango kaza, ko shagon magani kaza da ke sayar da ƙwaya ba takardar likita. Sai a sanar da Hisba da 'yan sanda da Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 take kuma da ofishi a Gusau. Rufe kango guda ya fi wa'azi ga mutum goma amfani, in su goman ta gabansa suke wucewa kullum.

(b) Dagatai da masu unguwa su sa ido, cikin sirri da tausayi, a kan yaran gidajen da aka san da sha, musamman marayu da 'yan gudun hijira, tun daga shekara 10 zuwa 20. A sa su makaranta ko sana'a. Kada a aiki yaro sayen taba ko ƙwaya ko kwalba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

(c) Wanda zai tafi ci-rani daga irin gidan nan, wani babba ya keɓe shi ya gaya masa gaskiya: kai ba kamar abokanka ba ne, abin da za su ɗanɗana su bari, kai yana iya riƙe ka, kada ka gwada ko sau ɗaya.

(d) A zancen aure, a binciki halin yaron kansa: ina yake yini, da wa yake zama, ya taɓa sha ko bai taɓa ba. Laifin uba ba hujja ba ce a kan ɗa. Kada kuma a rubuta wa kowa "ɗan mashayi" a takardar hukuma, ko a kira shi da haka a zaure. Wanda aka yanke wa ƙauna, mashaya ne kaɗai za su karɓe shi. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Manzo ya hana.

(e) Wanda ya tuba, a taimake shi ya canza hanya da majalisa, in da hali har da unguwa. In ya koma sau ɗaya, kada a ce tubar muzuru ce, domin alama takan daɗe a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru. A sake ɗaga shi.

(f) Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya bari farat ɗaya, ko aka tsare shi, yana iya kama makyarkyata da gumi cikin kwana guda, sa'an nan farfaɗiya ko gane-gane da ruɗewa cikin kwana 2 ko 3. Wannan ciwo ne mai kisa, kada a ɗauke shi iskokai ko iya shege. A gaggauta kai shi Asibitin Tarayya na Gusau ko babban asibiti mafi kusa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna. Likitoci suna da magungunan rage kwaɗayin giya, amma su kaɗai ke ba da su.

Hukuncin mai sha yana hannun alƙali, maganinsa yana hannun likita. Abin da ke hannun hakimi shi ne tsabtace gari daga abin da ke kiran yara, da tsare mutuncin gidan da aka jarraba. Ana roƙon magatakarda su karanta wannan takarda a taron dagatai da masu unguwa, su kuma ajiye ta a ofis domin mai bukata. Allah ya shirya zuriya, ya ba ƙasa lafiya, amin.